Hadarin Yawuri a Bahar Maliya

Gubaira, Riyad
Juma'a, bayan la'asar

Zuwa ga Sailuba, farin badon da ya buɗe da hantsi a kan Kwara, sanyin randar ƙasa a azumin bazara, shamuwar da in ta sauka a rufin ɗakina na san damina ta iso, uwar 'ya'yana, mai rufa mini asiri tun ban san asirin nawa tsirara yake ba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishi ga bakin rijiya. Ki gaida mini Baba da Inna, ki shafa kan Jamilatu da ƙannenta.

Na san abin da za ki fara faɗa in Dawuda, abokin ɗakina mai walda, ya miƙo miki takardar nan: me ya sami wayar mutumin? Waya lafiyarta ƙalau. Bakin ne ya lalace. Sau uku ina kiranki a makon nan da niyyar in faɗi magana, sau uku ina ƙarewa da tambayar lafiyar akuya. Shi ya sa na sayo littafin rubutu a shagon ƙasan bene, na zauna a kan katifa, na ce yau hannu zai yi abin da harshe ya gagara. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji huɗu na tsaya, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Inda kika ga harafi ya kwanta, kunya ce ta kayar da shi. Abu ɗaya nake roƙo tun yanzu: kada ki ba Jamilatu ta karanta miki. Ki bi ta da kanki, a hankali, ko za ta ɗauke ki kwana biyu.

Shekara shida ke nan ina garin nan, ya ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, kuma ko sau ɗaya ban ji kukan kwaɗo ba. Akwai wani kwari a bayan gari da suke yi wa kallon kogi, wanda ƙanwarki za ta tsallake da tulu a ka ba ta jiƙa zane ba. Gari ne na kwalta da gilashi da iska mai zafi kamar bakin tanderu. In na tsaya a danja ina jiran ta ba da hannu, sai in rufe ido in gan ki a bakin ruwa kina wanke karfasa, hannun riga a naɗe, rana tana wasa a goshinki, har sai na baya ya danna mini oda ya zage ni da Larabci. Wa zai gaya masa cewa direban da ke gabansa yana Yawuri? Wa zai gaya masa akwai wata mace da muryarta ta fi ruwan sanyinsu na kwalba sauka a maƙogwaro?

Kin tuna ranar da na fara zuwa gaida Baba a gungu? Ni ban manta ba, ko da yake shekara goma sha takwas ina ƙoƙari. Ina direban motar banda a lokacin, ɗan tudu, ɗan Tsafe, wanda duk ruwan da ya sani bai wuce na buta ba. Na ci ado: babbar riga ta aro, hula zanna, turare har kifin bakin kasuwa ya daina wari. Na gaya miki na iya ruwa. Kika dube ni daga hula zuwa takalmi, kika ce to. Muka shiga kwalekwale, ke a baya da filafili kina tuƙi, Gwaggo Delu a gaba tana cin goro. Muna kaiwa tsakiya iska ta juyo daga gabas, ruwa ya yi baƙi, ya fara marin jirgin hagu da dama. Abin da ya biyo baya ko a gaban alƙali ba zan musa ba. Na kwanta rub da ciki a ƙasan jirgi, na rungume kwandon tarwaɗa, ina karanta duk surar da na sani har da wadda ban sani ba. Hula ta bi ruwa, ina jin yanzu ta kai Kainji ta yi 'ya'ya. Ke kuwa ko gezau. Ina jin filafilinki yana yanka ruwa ɗaya bayan ɗaya, kamar dakan macen da ba ta jiran kowa.

Da muka kusa gaɓa, muka hango Baba da yayyenki a tsaye suna jira, sai kika taɓa ni da yatsan ƙafa, kika ce in tashi in share fuska. Kika miƙo mini filafilin. Kika koma kika zauna, kika naɗe hannu kamar baƙuwar da aka ɗauko. Ni na shigar da jirgin, taku goma, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Baba ya ce ashe ɗan tudun ya iya. Gwaggo Delu, Allah ya ji ƙanta, ta tafi kabari da maganar a bakinta. Ke ma ba ki taɓa yi mini gori da ita ba, ko a faɗan nan da ya kai ki gidanku kwana uku.

A ranar na san abin da na samu. Wasu sun auri kyau, wasu sun auri dangi, ni na auri inuwa. Ke ce kainuwar da ta rufe mini fuskar ruwa don kada a ga laka a ƙasa. To, ya hasken idona, yanzu ki saurari yadda mai laka ya saka miki.

Kin san maigidana, Dokta Uwais, wanda iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ke hannunsa, wanda nake tuƙawa daga gida zuwa asibiti. Abin da ban taɓa ba ki labari sosai ba shi ne asalinsa. Kakansa Bahaushe ne, ya taso da ƙafa zuwa aikin Hajji, ya yi shekaru a Sudan, sannan ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda a jirgin katako. Matarsa ba ta ƙetare ba. A Sawakin zazzaɓi ya ɗauke ta, a can aka binne ta. Dokta a Jidda aka haife shi, Hausarsa kamar tuwon da bai ji tuƙi ba, gudaji ko'ina, amma yana son ta kamar me. Kuma yana da jirgin ruwa a Jidda, irin mai doguwar sanda a tsakiya da ƙaton farin ƙyalle da suke kira shira'i, iska ce take tura shi. Duk wata sau ɗaya nake kora mota awa goma zuwa can da kaya, shi ya biyo jirgin sama.

Shekara huɗu da suka wuce, a mota, ya tambaye ni garinmu. Na ce iyalina suna Yawuri. Sai idonsa ya kawo haske a madubi, ya ce kakansa ya sha faɗa masa mutanen Yawuri ruwa ba ya cin su. Ya ce, "Kai ma ɗan ruwa ne, Sha'aban?" Da na ce a'a, matata ce, da yau ina barci da munshari. Amma mutumin bai taɓa dubana da irin wannan ido ba, Sailuba. Shekara biyu ni ƙeya ce kawai a gabansa. Na gyaɗa kai. Kafin mu kai asibiti na zama Basarke, masunci ɗan gado. Kafin ƙarshen wata na zama jikan Sarkin Ruwa. Labarin giwan ruwan da yayanki ya kama, wanda sai da mutum huɗu suka ɗauka, ni na kama shi, kuma a bakina ya ƙara taku biyu.

Za ki ce, to da aka je bakin teku fa? Nan basirar mijinki ta tashi, wadda da ya zuba ta a karatu da yanzu shi ne doktan. Na ce masa a gidanmu akwai al'ada: ba ma shiga ruwan gishiri sai da izinin babban gida, ni kuma ban nemo ba. Ya girmama abin ƙwarai. Ya ce to ko daga gaɓa in riƙa duba masa ruwa. Sai na tuna yadda Baba yake yi da safe kafin a saki jirage. Na tsuguna a bakin gadar katako, na tsoma hannu har gwiwar hannu, na shanshana, na dubi gabas, na yi shiru. Shirun nan shi ya fi kama mutane. Amma bayan shiru dole a faɗi wani abu, ni kuwa cikina fayau.

Kin gane yanzu? Kin gane dalilin da ya sa wasu Alhamis ɗin nake kiranki in ce yaya sama a wurinku, ina iska ta fuskanta, me Baba ya ce game da ruwa? Abin da kika gaya mini ranar Alhamis shi nake kaiwa Jidda ranar Juma'a in zuba wa Dokta, da hannuna a cikin teku. In kin ce hadari ya haɗo a Yawuri, in ce Dokta yau ba shiga. In kin ce garau, in ce bisimilla. Tsakanin Yawuri da Jidda akwai ƙasa nawa, akwai hamada nawa? Ban taɓa lissafawa ba. A kaina sama ɗaya ce, Allah ɗaya ne, me zai hana.

Kuma Shaiɗan ya taya ni. Shekarar farko, ƙarshen damina, kika ce tsattsewa suna shawagi ƙasa-ƙasa, Baba ya hana kowa taɓa jirgi. Na hana Dokta. Rana tana ƙyalli, mutane suna dariya. Kafin azahar wata iska ta taso daga teku ta yaga shira'in wani maƙwabcinsa gida biyu, aka jawo shi da igiya. Daga ranar na daina zama direba. Sarkin Ruwa yake kirana, a gaban baƙi ma. Ya saya mini farar hula mai baki irin ta kyaftin, wadda na ɗauki hoto da ita a bakin gada na turo muku, wadda Jamilatu ta nuna wa duk 'yan ajinsu ta ce babanta yana tuƙa jirgi a teku. Sau nawa bayan haka na zaunar da bawan Allah nan a gaɓa, teku kwance kamar tabarma, don kawai ana ruwa a Yawuri! Sai ya girgiza kai ya ce wa abokansa Sha'aban yana ganin abin da ido ba ya gani.

Duk wannan da sauƙi a kan wata magana da kika yi bara. Kika ce, kina dariya, matan unguwa suna cewa ba su taɓa jin mijin da yake tambayar matarsa labarin gajimare ba, mazansu sai dai su tambayi ko saƙo ya iso. Kika ce kin san kewar gida ce take damuna, shi ya sa duk Alhamis kike fitowa tsakar gida tun safe ki duba mini sama da kyau. Sailuba, na ajiye wayar nan na daɗe ina kallon bango. Kina tsaye a tsakar gida da wuyanki a ɗage, wuyan nan mai kama da na barewar da ta ji motsi, kina tara mini gajimare kamar mai tsinko wa masoyi fure, ni kuma ina karɓa ina kaiwa kasuwa da sunana. Na ce zan daina. Alhamis ta zagayo, na kira.

Yanzu ga abin da ya fasa ƙwai. Tun bara Dokta yake shirin ƙetare teku da jirgin nan, daga Jidda zuwa Sawakin, ya bi sawun kakansa a juye, ya je ya tsaya a maƙabartar da kakarsa take ya yi mata addu'a. Tafiyar yini biyu ce in iska ta yi kirki. An shirya a tashi farkon Oktoba. Sai takardu suka yi nawa, sai wani ƙarfe na injin taimako ya karye aka jira a kawo, sai aikin asibiti. Ga mu yau a tsakiyar Nuwamba. Taswirar teku ta kwana arba'in shimfiɗe a teburin cin abinci, an danne kusurwoyinta da kofunan shayi, Dokta yana ja da fensir yana gogewa.

Yana da aboki, tsohon matuƙin jirgi ɗan Sudan, wanda da shi za a tafi. Mutumin ya zo har Riyad ya ce ya janye. Ina tsaye da tiren shayi na ji bayaninsa. Ya ce lokaci ya wuce. Ya ce a watannin nan iskar arewa da ta kudu a tsakiyar tekun suke haɗuwa, daidai hanyar da za a bi, su yi ta karo kamar raguna biyu, hadari ya faɗo ba sallama. Ya ce bakin Sawakin cike yake da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, masu kaifi, waɗanda sai da rana tsaka da ruwa kwance ake ganinsu. Ya ce a bari sai bayan sanyi. Dokta ya buɗe kwamfuta, masu hasashen yanayi biyu, ɗaya ya ce akwai kwana uku masu kyau a ƙarshen wata, ɗaya ya ce babu. Shi kuma Dokta ba ya son jira, don a Janairu za a yi masa aiki a gwiwa, kuma shi likita ne, ya san ba lalle ya sake tsayawa a kan jirgi mai rawa ba. Sai ya juyo ya dube ni da tirena. Ya ce Sarkin Ruwa ne zai raba gardama. Ya ce wannan karon in nemo izinin gida, don da ni za a tafi, har ya sa an buga mini bizar fita da dawowa.

Alhamis ɗin makon jiya na kira ki. Kin tuna. Kika ce damina ta ɗauke tuni, sama wankakkiya, ruwa kwance, yara har iyo suke zuwa tsakiya. Na je na sami Dokta a falo, na fita baranda don babu tekun da zan tsoma hannu, na ɗaga hannun a iskar Riyad, na shanshana hayaƙin mota, na yi shiruna. Na ce, Dokta, a tafi. Ya rungume ni. Aka sa rana, ashirin da takwas ga wata.

Akwai sauran guda, kuma ita ce ta sa na ce kada Jamilatu ta karanta. Ban yi niyyar shiga jirgin ba. Na riga na shirya: da safen tafiya ciwon ciki zai kama ni, irin mai murɗawa, in kwanta a bakin gada ina birgima, in ce su tafi kada rana ta yi, ruwa dai na duba, lafiya lau. Har na gwada birgimar a ɗaki, Dawuda ya shigo ya ɗauka aljanu ne. Ki duba mijinki da kyau. Zai tura mutum cikin teku da maganar bakinsa, shi ya tsaya a tudu yana ɗaga masa hannu da farar hula. Wannan shi ne uban 'ya'yanki.

Ranar Litinin na ɗauko Sumayya daga makaranta. 'Yar Dokta ce, autarsa, shekararta sha biyar, wata huɗu ta ba Jamilatu. Ta shigo mota tana tsalle, ta zaro wata rigar iyo mai ruwan lemo daga jaka, ta ce in duba, daidai ita. Ban san da ita za a tafi ba. Na ce ina za ki da wannan? Ta ce, "Sawakin mana, Ammu Sha'aban. Mama ta ƙi, ta ƙi, sai da Baba ya ce kai ka duba ruwan kuma kana cikin jirgin, sannan ta yarda." Ammu take kirana, wato baffa a bakinsu. Sai ta ce in mun je Jidda in koya mata tsoma hannun nan, ita ma tana so ta iya ganin abin da ido ba ya gani. Ta miƙa hannunta tsakanin kujeru tana gwadawa, ta shanshana, ta yi shiru irin nawa, sannan ta fashe da dariya.

Hannun siriri ne, Sailuba, da ɗan tabon tawada a yatsa, irin na Jamilatu sak. Na ga hannun nan a cikin baƙin ruwa. Na ga uwarta a bakin gada tana tambayata, ni da ciwon cikina na ƙarya. Ban san yadda na kai mu gida ba.

Talata da yamma na ɗauko Dokta daga asibiti. Cunkoso ya tsayar da mu a babban titi, ba gaba ba baya, na ce Allah ne ya rufe mini ƙofofi. Na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar kwandon tarwaɗar nan, ban dubi madubi ba, na fara. Na ce ni ɗan Tsafe ne. Na ce ban iya iyo ba, ko a bahon wanka sai na riƙe gefe. Na ce al'adar ruwan gishiri ni na haife ta a motar nan. Na ba shi labarin Alhamis. Na ba shi labarin ciwon cikin ma, don na ga in na bar shi a ciki shi zai kashe ni. Na ce ya kore ni, ya soke iƙama, duk na ɗauka, amma don girman Allah kada ya sa yarinyar nan a jirgi da maganata, don maganata ruwan Yawuri ce.

Daga nan har gida bai ce komai ba, ni da na ɗauka na iya shiru, ranar na ga mai shi. Da na tsaya a ƙofa bai fita ba. Can ya ce, to wa yake duba masa ruwa shekara huɗu? Na ce matata, ranka ya daɗe, amma ita ba ta sani ba, ita gaskiya take faɗa, samanta take dubawa. Ya ce ranar da shira'in maƙwabcinsa ya yage fa? Na ce tsattsewar Yawuri ce da ikon Allah. Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko wani abu ba, ya fita.

Washegari na tarar an naɗe taswira, an mayar da kofuna kicin. Ya kira tsohon matuƙin ya ba shi haƙuri, sun bar tafiya sai bayan sanyi, in gwiwa ta yarda. In ba ta yarda ba, to ni na ci masa ita, don da tun farko kunnensa yana wurin mai sani, da ya matsa an tashi a kan lokaci maimakon ya dogara cewa yana da Sarkin Ruwa a aljihu. Wannan zan ɗauke shi har kabari. Bai kore ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Yanzu Sha'aban yake kirana, gajere, kamar yadda ake danna kiran lif ɗin hawa bene. Sumayya tana shiga mota ta yi sallama ta sa ido a taga. Jiya na yi mata barkwancin da kullum take dariya, ta ce na'am, Ammu. Da ta zage ni da ya fi mini.

Abu biyu ya faɗa mini jiya. Na farko, bizar da aka buga don Sudan ba za ta lalace a banza ba, in yi amfani da ita in je gida wata ɗaya, shi ma yana so ya huta da ganin ƙeyata. Na biyu, ya karɓi lambarki. Ya ce Juma'a mai zuwa zai kira ya gaida matar da take tuƙa masa jirgi daga Yawuri shekara huɗu ba ta sani ba. Dawuda zai tashi jibi, ya rantse zai kawo miki takardar nan da hannunsa kafin Laraba. Ina so ki ji daga gare ni kafin ki ji da gudajin Hausar Dokta. In ya kira, kada ki kare ni. Na san halinki, za ki fara cewa ai Malam yana ɗan taɓawa. Ba ya taɓawa.

Ya sanyin idona, ya tsamiyar da na sha inuwarta na kuma sace 'ya'yanta, da wane ido zan dube ki? Kin ba ni taku goma na aro a ruwan da bai kai gwiwa ba, don kada a yi wa saurayinki dariya, ni kuma na ja taku goman nan har na kusa kai 'yar mutane tsakiyar Bahar Maliya. Laifin ba na filafilin ba ne, ba na hannun da ya miƙo shi ba ne. Hannun nan ko yau aka ce in zaɓa tsakaninsa da duk gilasan Riyad, ba sai an maimaita tambaya ba. Ina kewarki kamar yadda jirgin da aka kife a tudu yake kewar ruwa, katakonsa yana tsagewa a rana, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Kuma ki yarda da ni a wannan guda ɗaya, in akwai sauran abin yarda a bakina: ba duk tambayar ce ta Dokta ba. Akwai Alhamis ɗin da ba mu da tafiya Jidda, na kira na tambaye ki sama, don kawai in ji yadda kike cewa garau.

Zan iso farkon wata in Allah ya so. Jamilatu ni zan gaya mata da bakina, in ba ta hular ta yi abin da ta ga dama da ita, ko kaza ta yi ƙwai a ciki. Ke kuma roƙona ɗaya ne. Ki zo bakin ruwa ki ɗauke ni da kanki, ki kai ni gungu in gaida Baba. Zan yi ƙoƙari in zauna a zaune, amma ban yi alkawari ba, ki dai sa kwando kusa. In mun kusa gaɓa, kin hango Baba da yayyenki a tsaye, kada ki taɓa ni da ƙafa, kada ki miƙo mini filafilin. Ki shigar da mu da hannunki, su ga wanda yake tuƙa gidan nan tun shekara goma sha takwas.

Naki, a tudu da ruwa, a zaune ko rub da ciki, har ranar da Kwara za ta juya ta koma inda ta fito,

Sha'aban ɗan Tsafe, direba.